Maɓalli Marar Inuwa

Ƙarfe biyu na rana, Bagalam ta yi tsit.
Kuran ya ɗauke tun hantsi, batir saura ƙiris.
Ina zaune a zauren Kawu Jariri,
kwamfuta bisa gwiwa, warin jima a hanci,
ina gina masa shagon da ba shi da ƙyaure.

Tsaikon ba ni na ɗaure shi ba.
Wasu ne can ƙetaren teku suka tanke shi,
suka aje bakin hanya, mai so ya ɗauka.
Ginshiƙi goma sha biyu, tazara a gwade;
in allo ya ƙuntata, ɗakuna su goyi juna,
in ya yalwata, su sauko su jeru.
Nawa dai baibaya: launi, suna, farashi.

Dokarsu guda ce: a daɓe komai.
Ban da ƙyalli, ban da tudu, ban da kwari,
ban da inuwar da ke laɓewa gindin harafi.
Na bi su ɗaya ɗaya ina kankarewa
yadda majemi ke raba fata da gashi.

Kawu ya aje basilla, ya leƙo.
"Ina wurin dannawa?"
Na nuna masa. Ya shafa da babban yatsa,
ya sake shafawa, kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa.
"Wanga? Ai ba shi da inuwa, Tsahiru.
Garin nan ko akuya ta san darajar gindin bango.
Abin da ya tsaya cikin rana bai yar da inuwa ba,
kakata ta ce a yi bisimilla a sake hanya."

Na ce, Kawu, inuwa nauyi gare ta.
Mai sayenka na Dakwaro, sandar rezo guda,
megan dala arba'in ya saya da guminsa.
In shafi ya yi kaya, kafin ya buɗe sun ƙare,
ya tafi bai ga ko hancin takalminka ba.

Bai tanka ba. Ya laluba ƙarƙashin buzu,
ya jawo wani tsohon alabe da hannu ya cinye gefensa.
Ja guda. Tsanwa guda. Baƙi siriri tsakani.
Kowane launi na zaune a gonarsa,
babu wanda ya ci iyakar wani.
"Ubana ya yanka wannan tun uwarka na goye.
Nemo mini tudu."
Na nema. Babu.
"To, masu tsaikonka sun makara."

Ina shirin dariya ya kama yatsana,
ya aza shi a leɓen marufi.
Nan, nan kaɗai, ɗinki ya ɗan tasa,
bai kai kaurin ƙwayar gero ba.
"Ido kallo ya zo yi, a daɓe masa.
Hannu aiki ya zo yi, a bar masa alama."

Na zubar da shuɗin da ya zo tare da tsaikon,
shuɗin da na gani a shagon kowa.
Na ɗauki hoton alaben, na tsotso jansa,
jan karan dafi bisa fatar jar akuya,
ya koma haruffa shida, na zuba a maɓalli.
Sannan, ba da sanin masu doka ba,
na sa ɗigo biyu na duhu a ƙarƙashinsa.

Na miƙa masa waya ban ce uffan ba.
Yatsan ya tafi kai tsaye, kamar ya san gidan.

Allo ya mutu a gwiwata.
Waje, inuwar bedi ta fara tsallaka titi.
Kawu ya lashi zare, ya koma ɗinki.