Babu Abin Lura

A Iloilo ƙarfe biyun dare,
a Duluth rana ta take.
Likita Halvorsen na tauna tuffa a cikin kunnena,
ina jin gatsarsa tsakanin kalma da kalma.
Ƙafata na kan feda:
in na taka ya yi magana, in na ɗaga ya yi gum.
Ba namijin da ya taɓa yi mini biyayya haka.

"Kai: daidai, ba alamar buguwa.
Baƙin ido: girma ɗaya, zagayayye, yana amsa haske.
Wuya: da laushi. Huhu: fes, dama da hagu.
Zuciya: bugu bisa ƙa'ida, ba gunaguni, ba sukuwa."
Shekara tara ina buga layin nan,
har yau in ya ce sukuwa
sai in ga ƙaramin doki ɗaure a ƙirjin baƙo.

A harshensu majiyyaci ba ya faɗa, sai dai ya koka.
Ba ya cewa a'a, sai dai ya musanta.
Ta musanta jiri, ta musanta zazzaɓi, ta musanta taba,
sai ka ce a gaban alƙali take.
Shekararta tamanin da ɗaya, haihuwa shida,
shi da bakinsa ya faɗa a layi na uku,
amma da ya zo kan cikinta
sai ya ce: babu abin lura.
Na buga masa. Da layi ake biyana,
haruffa sittin da biyar, har da sarari.

Wani lokaci ya yi tari a kan kalma,
ko ƙofa ta rufe a bayansa ta haɗiye ta.
In mayar, in saurara, in sake mayarwa.
Hawan jini ya ce, ko saukarsa?
A bakinsu gaɓa ɗaya ce ta raba su.
Luzviminda mai duba aikinmu ta sha faɗa:
"Nenita, gurbi ba ya kisa, canki ke kisa."
Sai in ja layi, in bar wurin fayau.

Ƙarfe shida jifni ya sauke ni bakin kasuwar kifi.
Babana Eusebio na baranda,
fuskarsa wajen teku,
inda ya yi shekara talatin yana ƙetarar da mutane zuwa Guimaras.
Na durƙusa, na danna masa ƙauri da babban yatsa.
Ramin ya tsaya yana kallona.
Na san sunan wannan, har matakinsa na sani,
ba ni dai da hurumin sa hannu a ƙasan takarda.

A farke, ya san kansa, ya san wuri, ya san lokaci:
uku bisa uku, haka ake rubutawa.
Bara uku ne.
Da damina lokaci ya sulale, saura biyu.
"Tatay, ina muke?"
Ya dubi kwanon rufi, ya dubi karen maƙwabta.
Ya kira ni Consolacion,
ita kuwa shekararta bakwai a ƙasa.

Sai ya kama wuyan hannuna
yadda yake kama igiya in iska ta juya,
ya ja fatar idona ƙasa da ɗan yatsa.
"Kin rame," ya ce. "Idonki ja. Ba kya barci."
Ba wanda ya duba ni haka tun bara.

Ya ƙara wata magana, ƙasa-ƙasa,
daidai lokacin da babur ya wuce.
Ƙafata ta taka siminti da kanta,
ta sake takawa.
Bai maimaita ba.

Na ɗora ruwan kofi.
Na bar wurin fayau.