Ɓangaren da Ba Nawa Ba

A Gadarif, bayan la'asar,
sa'ad da 'yan dako ke karkaɗe riɗi daga kafaɗunsu,
mu tara muke haɗuwa a ajin da fankarsa ke tari.
Ustaza Mahasin na riƙe da agogo kamar mai awon magani.
Mun iya Turanci, in ji takardunmu.
Ta ce, takarda ba ta taɓa cin musu ba.

Minti uku kowa.
A na farko ka kafa turke,
a na biyu ka ɗaure hujja,
a na uku ka matsa gefe, ta yi kuka da kanta.
Kada ka ɗaga murya, ta ce,
mai ihu ya riga ya jinginar da rabin gonarsa.

Ni da nake mafarki da Hausa,
nake ciniki da Larabci,
ga ni ana so in yi gardama da Turanci,
harshen da nake yi wa ladabi
kamar baƙon da ban san cimarsa ba.

Ran Talata ta rubuta a allo:
Gara matasa su bar garin nan.
Zuciyata ta yi tsalle.
Wata bakwai fasfona na kwance a ƙarƙashin katifa.
Ta naɗe ƙuri'u, ta zuba a hular Mu'utasim,
na zura hannu, na zaro:
kai ne mai cewa a zauna.

Na ce, Ustaza, wannan ba ra'ayina ba ne.
Ta ce, shi ya sa.
Wanda bai kwana a ɗakin abokin musunsa ba
bai san inda nasa rufin ke yoyo ba.

Kwana uku ina neman hujja kamar allura a rumbu.
Na zauna gefen sikelin Baba,
na ga yadda yake barin mai saye ya gama,
ya maimaita masa tayinsa daidai, ba ragi,
sannan ya ce albarka.
Da dare na tambayi Iya Hajjo
me ya tsayar da Kaka a nan,
shi da ya taso daga Haɗeja da ƙafa, fuskarsa gabas.
Ta tauna goro ta ce,
cewa ya yi hanya ba ta gudu,
damina ce ke gudu.
Ya tsaya noman shekara ɗaya.
Ta ƙirga sauran da haƙoran da ba ta da su.

Ran Asabar Mu'utasim ya miƙe
ya faɗi duk abin da nake faɗa wa kaina da asuba:
ba aiki, ba wuta, digiri na rina ƙasan akwati.
Kamar ya saci rigata ya sa, ta kuwa yi masa kyau.

Na tashi. Na ce, abokina ya yi gaskiya,
sau biyu ma.
Haka aka koya mana:
ba shi akuyarsa, ka riƙe igiyar.
Sai wata kalma ta maƙale mini a wuya,
na neme ta a Turanci, ta zo da Larabci,
na kore ta, ta dawo da Hausa.
Daƙiƙa biyar fanka kaɗai ke magana.
Ustaza ba ta ɗago kai ba.
Shiru ba faɗuwa ba ne, ta sha faɗa.
Na haɗiye, na juya musu maganar Kaka
da harshen da bai taɓa ji ba,
na tambaya, in duk mun bi hanya,
wa zai tari damina?

Huɗu da uku. Ya ci.
Ya saya mini gahawa mai citta a bakin titi.

Fasfo na nan inda yake, ban sauya niyya ba.
Sai dai yanzu, duk daren da na ɗaga katifa,
wani na miƙewa a cikina, ya gyara murya,
ya nemi mintinsa uku.
Kuma an hana mu katse mai magana.