Fam Ɗaya a Kasuwar Hull

Ranar Lahadi, wajen 'yan gwanjo,
ƙarƙashin tulin faifan garmaho
na tsinci littafin zane,
takardarsa ta koma ruwan shayi.
Fam ɗaya, in ji tsohuwar, ko kai ba ta ɗago ba.

Su huɗu ne cikin kumbo mai kama da buta:
macen da ke haɗiye walƙiya ta tofar,
dattijo mai hannun tagulla,
da tagwaye masu magana da baki ɗaya.
Mugun ya sace ranar wata duniya
ya toshe ta a kwalba,
mutanen can suna lalube da azahar.

Jan fenti ya zarce layi,
ya ɓata leɓen dattijon kamar ya ci goro.
A shafi na tara an rubuta da fensir:
Clive Hotham, shekara takwas, kada a taɓa.
Na taɓa, Clive. Yi haƙuri.

Can gaba aka karya hannun tagulla,
iskar kumbo ta kusa ƙarewa,
ɗaya cikin tagwayen ya yi shiru.
Na juya shafi,
sai tallan keke.
An yage ƙarshen. Wataƙila kifi aka naɗe da shi.

A bas mai bene, ruwa na tsiyaya a gilashi,
na riƙe su huɗun a cinyata har titin Cottingham.
Uku da rabi, gari ya yi duhu.
Har yau ba wanda ya fasa kwalbar.