Ƙanƙarar Garinmu

Takardar gasa ta iso Auyo ran Laraba.
Malam Ɗanliti ya karanto ta a tsaye, alli a bayan kunne:
"Ku ƙera mutum-mutumi mai share ƙanƙara daga hanya.
Yini biyu, dare biyu, babu ƙari."
Aji ya yi tsit.
Sai Tasi'u ya kife kan benci da dariya.

Ƙanƙara a hanya?
Wadda muka sani da kuɗi ake sayenta,
a naɗe ta a buhu, a ruga da ita gida
kafin ladan ya kira shan ruwa.
Wanda ya share ta ya zubar a garin nan
ai sai dangi su nemo masa mai ruƙiyya.

Bara'atu ce kaɗai ba ta dara ba.
Ta ce, "Malam, me take yi musu a can?"
Ya ce, "Toshe hanya."
Ta ce, "To mu ma muna da tamu, koriya ce kawai."
Ta nuna taga.
Ga kacalla can ta shaƙe magudanar ruwa,
ta fi mutum tsayi, ta ba jambaki masauki,
shinkafa a bayanta tana jin ƙishirwa.
Babanta ke shiga har ƙirji da lauje,
ya fito da matsattsaku a ƙwauri,
sati uku ta sake tsirowa kamar ba a taɓa ba.

Muka bazu.
Jarkar manja huɗu, don kada ya nutse.
Sarƙar keken kawun Tasi'u, bai sani ba tukuna.
Injin goge gilashi daga gawar wata mota a tasha.
Lauje biyu daga maƙera, bashi.
Batirin babur, da waya mai launi uku.
Ni aka bar wa kwamfutar makaranta,
wadda harafi ɗaya ya maƙale mata,
ina koya wa ƙarfe hagu da dama
kamar mai koya wa ƙaninsa alwala.

Ƙarfe biyun dare, mai ya ƙare a janareta.
Da fitilar waya muka ci gaba,
dalma ta ɗiga a yatsan Bara'atu,
ta sa shi a baki, ba ta ajiye aikin ba.
Muka raɗa masa suna Wanzami,
tunda aski zai yi wa rafi.

Gwajin farko, da asuba:
ya yi ta juyi wuri ɗaya kamar akuya a turke,
ya kori kwaɗi, ya datse igiyar da muka riƙe shi.
Tasi'u ya bi shi da iyo, yana zaginsa har kakanni.
Ashe ni na juya wayoyin.
Ban faɗa ba sai yau.

Ranar hukunci, 'yan Haɗeja sun sayo ƙanƙara ta gaske.
Kafin alƙalai su gama gaisawa ta narke,
na'urarsu na ta sharar jiƙaƙƙiyar ƙasa.
Duk da haka su suka ci,
wai sun bi abin da takarda ta ce.
Wani alƙali ya dubi namu, ya dubi takalminsa,
ya ce, "Wannan ai ciyawa ce."

Ciyawa ce.
Wanzami ya yanke ta taki goma sha ɗaya
kafin batir ya mutu.
Taki goma sha ɗaya, na auna da ƙafata.
Ruwa ya tsaya jim, kamar bai yarda ba,
sannan ya bi ta kafar, a hankali, ya nufi shinkafa.

Baban Bara'atu na tsaye a gaɓa,
wandonsa a bushe, laujensa a kafaɗa.
Bai tambayi wa ya ci ba.
Ya daɗe yana kallon ruwan,
sannan ya ce, "Gobe ma zai shiga?"