Ƙidayar Numfashi

Na zo daga Manaus da ma'auni da igiya,
da littafin da ruwa ba ya jiƙa shi,
don in ƙirga kifin tafkin Jasitara.
Tsoho Aldenor ya dubi akwatunana guda shida,
ya ce, "Jusilene, kwale-kwalen ƙarami ne.
Ko ke, ko kayan."

Muka fita tun aku ba su farka ba.
Ruwa baƙi wuluk, kamar shayin da aka manta a wuta,
filafili na nutsewa, ko tari ba ya yi.
A gindin wata bishiya da ambaliya ta sha mata wuya
ya ɗaure mu, ya rufe ido.
Na ɗauka barci ne.

"Piraruku," in ji shi, "maroƙin iska ne.
Ya fi ki tsawo, ya fi ni nauyi,
amma kome jimawarsa a ƙasa
sai ya taso ya buɗe baki ga sama.
Ke dai ki yi shiru."

Sauro suka ci rabonsu a wuyana.
Agogo ya yi ta tafiya shi kaɗai.

Sai ɓul! daga hagu.
"Babba."
Ɓul, can wajen ciyawa.
"Yaro ne, bai kai ba."
Wani ya tsaga ruwan da jar wutsiya.
"Wannan na ƙirga shi ɗazu, kar ki rubuta.
Ba ki ji muryarsa ta dushe ba?"

Ban ji ba.
Shekara bakwai ina karatun kifi,
ban san yana da murya ba.

Arba'in da uku, ya ce, manya.
Na rubuta, na ja layi, na sa alamar tambaya.

Kwana biyar muka ja taru, mu goma sha ɗaya,
laka har ƙugu, kada na leƙenmu daga nesa.
Kowane kifi na auna, na maƙala masa lamba,
na riƙe kansa a ƙirjina har ya sha iska,
sannan na sake shi.
Arba'in da biyu.
Na ji daɗi, Allah ya yafe mini,
irin daɗin ɗalibar da ta kama malami da kure.

Aldenor bai ce uffan ba.
Da magariba ya tuƙa ni bayan kututture,
ya nuna da leɓe.
Ga wani ƙato, kansa ya yi baƙi,
'ya'ya ɗari-ɗari na yawo kewaye da shi
kamar hayaƙi a bakin tukunya.
"Uba ne. Ni na ɗaga masa tarun ya wuce."

A daren ya ba ni labarin mashinsa.
Yadda jiragen ƙanƙara suka riƙa zuwa da gishiri da kuɗi,
yadda ya cika su, yana saurayi, yana taƙama,
har wata safiya ya zauna nan, gindin bishiyar nan,
daga asuba zuwa azahar,
tafkin bai yi numfashi ko sau ɗaya ba.
"Kunnen da ya kashe su," ya ce,
"shi ne wannan da kike aro."

Yanzu ƙauyen na kwana bi da bi a bakin mashiga,
Zuleide da tocila, jikanta da usur.
Cikin goma, uku kawai ake kamawa,
sauran na ruwa ne.

Na koma birni, na buga rahoto.
Sunansa na nan a shafin farko, sama da nawa,
ko da yake sai da na yi rigima da mutum biyu.
Bai karanta ba. Ya aiko mini da garin rogo.

Wani dare 'yata ta kwana da zazzaɓi.
Na kashe fitila, na zauna a bakin gado,
na rufe ido,
ina jira ta taso.