Bayan Bizo

Ƙarfe biyu na dare, Tawa ta yi tsit,
sai fanka guda mai tari a rufin ɗakin maza.
Gado na bakwai, jikin taga,
Bizo na Bagga ne, ɗan kokowa,
wanda kaka goma sha ɗaya
bayansa bai ɗanɗani yashin fage ba.
Yau wata uku ke nan bayan yana cin katifa,
katifar ita ma tana cinsa.

Hawan jini ya kada shi, ba kalangu, ba kirari,
a fadama, yana sunkuye kan albasa.
Ɓarin dama ya yi tafiya ba sallama.
Bakin ya karkace, amma akwai magana
in ka kai kunne kusa.

Na ɗage zane, na haska da fitilar salula.
Ga ja a ƙashin ƙugu, faɗin kwabo.
Na danna da yatsa, bai koma fari ba.
Haka gyambon kwanciya yake shigowa,
kamar gara a ginshiƙin rumbu,
waje lafiya lau, ciki ya zama gari.
Na duba diddige, na duba allon kafaɗa,
na share ɓarɓashin biredi daga shimfiɗa,
don a wannan fata ko shi ƙaya ne.

Sahiya, ƴarsa, tana barci a tabarma ƙasan gado,
wayarta a hannu, tana jiran kiran yayanta na Abijan.
Na ce bari in bar ta,
ai na juya waɗanda suka fi shi.
Na duƙa da ƙugu, ƙafafuna a haɗe,
na zura hannu zan ciccibe shi.

Sai hagunsa ya damƙe wuyan hannuna.
Har yau akwai sauran ƙarfe a yatsun nan.
Ya ce, a hankali, yawu na zuba,
"Ƴar likita, haka za ki shiga fage?
Yaro ma zai kada ki.
Ware ƙafa. Ɗaya gaba.
Gwiwa ke durƙuso, ba baya ba.
Ki matso da abokin karawa har ƙirji,
kada ki murɗa tsatso, ki juya da sawu."

Majo Alzuma ya faɗa mana haka a makaranta,
da alli, da hoton ƙashin baya a bango.
Yanzu shi kansa da ɗamara yake yawo,
ba ya iya ɗaure takalminsa.

Na tashi Sahiya.
Ta kama zanen daga can, ni daga nan,
muka lanƙwasa gwiwarsa, muka ɗora hannun da ya mutu kan ƙirji.
Ɗaya, biyu,
shi ya faɗi ukun.
Ya mirgino kamar turmi a hannun mata biyu.
Matashi a baya, matashi tsakanin gwiwoyi,
diddige a sama, kada ya taɓa komai.

Sannan na bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya,
na buɗe yatsun da ke son dunƙulewa,
na miƙe ƙafar da ke son kallon ƙasa.
Na ce ya yi tari, kada majina ta yi gida a ƙirji.
Ya yi, ya zage ni kaɗan, ya sha ruwa.

Da zan wuce gado na takwas ya ce,
"Maza ɗari ba su juya ni ba."
Na ce ai ba kaye ba ne, Baba,
ƙasa muke hana ta taɓa ka.
Ya yi shiru, yana kallon bangon da aka ba shi.

Na rubuta a takarda: ƙarfe biyu, ɓarin hagu.
Ƙarfe huɗu, kafin ladan ya gyara murya,
za mu sake karawa.