Abin da Fom Bai Tambaya Ba

Gurbi na tara ya ce: Faɗi yawan tsofaffin da za ka bincika.
Na rubuta ɗari biyu da arba'in.
Ban rubuta Baba Arzika ba,
majemin Unguwar Rogo,
wanda rabonsa da sunan ɗansa shekara huɗu ke nan,
amma ni, duk Talata, Nomau yake kirana,
ƙanensa da gulbin Rima ya tafi da shi
tun ba a haifi uwata ba.
Ni Lawali ne. Amma ina amsawa.
Wannan ma babu gurbinsa.

Takardar gwaji, wadda aka juyo daga wani harshe, ta ce:
Tambaye shi yau wace rana ce.
Ya dubi inuwar dogonyaro ya ce,
"La'asar ta kawo jiki, tashi ka yi alwalla."
Sifili, in ji takarda.
Ta ce: Ya ƙirgo daga ɗari, yana zubar da bakwai-bakwai.
Ya ce, "Wa ke bin bashin?"
Sifili.
Sai ga yaro zai wuce da fatar jar akuya.
Tsoho ya miƙa hannu, ya murza ta da yatsu biyu,
ya shinshina:
"Ba ta sha bagaruwa ba. A mayar da ita, kwana biyu."
Aka duba. Gaskiyarsa.
Biro ya tsaya mini a sama
kamar shirwar da ta rasa inda za ta sauka.

Dakta Hassi ta ce in rage kasafi,
masu tallafi ba su son dogon hannu.
Na cire goro.
Na cire man babur zuwa asibitin Kware.
Na cire sabulun da nake kai wa masu jinya,
don an ce sabulu ba ilimi ba ne.
Abin da ya rage na tura sau uku,
sabis na ɗaukewa, ina salati.
Bayan wata bakwai amsa ta iso:
Mun yaba ƙwarai, amma.
Na san amman nan,
ya fi albashina zuwa a kan kari.
Kwasar adashen ofis ta tafi rajistar zango na biyar,
ni kuma kullum ina bisa gadar Kwalkwalawa
da babi uku a jaka, babi na huɗu a wuya.

Tumba, matar ɗansa, ba ta barci.
Tsakar dare yakan tashi neman ƙofar wani gida
da aka rushe aka yi titi.
Ta ɗaura ƙararrawar akuya a jikin ƙyaure.
Maƙwabta sun ce jifa ce,
dangi sun ce tsufa ne, sai haƙuri,
kowa ya faɗi tasa ya koma gida ya yi barci.
Tambaya ta goma sha bakwai tata ce:
Kina jin ƙunci? Kullum, jefi-jefi, ko sam?
Ta yi dariya har ta riƙe ciki,
dariyar ta juye ba tare da sallama ba.
Da ta share fuska da haɓar zane ta ce,
"Kai ne na farko da ya tambaya."

Yanzu ga sabon fom, zai rufe Alhamis, sha biyun dare.
Gurbi na ƙarshe: Wane amfani bincikenka zai yi?
Kada ya wuce kalma ɗari biyu.
An ɗauke wuta, zufa na ɗiga a kan madannai,
batiri saura kashi tara.
Ina da ƙararrawa ɗaya, da fata ɗaya, da dariyar nan,
ban san yadda ake mayar da su Turanci ba.
Zan dai tura.

Talata kuma zan je, ko da kuɗi ko babu.
Zai ɗago kai daga tabarma ya ce,
"Nomau, ka daɗe. Ruwan ya janye?"
In ce, "Ya janye, Baba."
Ya ce, "To, zauna."